Daga Ƙaro Zuwa Sufa Gulu: Tarihin Gam da Faso a Birnin Kano

Duk shekara, da zarar hunturu ya kankama, hazo ya lulluɓe Dala da Goron Dutse, akwai tambayar da ba ta ƙetare ni a tagar ɗakin magani. A bara wani dattijo ne daga cikin gari ya zo da ita. Ya zo karɓar maganinsa na ciwon sukari, na ƙirga na miƙa masa, amma bai tafi ba. Sai ya sa hannu a aljihu ya zaro ɗan bututun sufa gulu da aka riga aka matse rabinsa, ya ce, "Ɗan nan, wannan da nake ɗiga wa faso, akwai laifi?" Na ce, "Baba, bari mu ga ƙafar tukuna." Zan komo kan abin da muka gani. Tun da yake kai ma, mai karatu, da wuya a rasa irin wannan bututu a gidanka, ko a kan taga ko cikin durowa, ya dace mu san inda wannan gam ya samo asali, da dalilin da ya sa yake kamawa haka, da yadda abin da aka yi domin ƙarfe da roba ya gangaro har dunduniyar mutane.

Mu fara da abin da Kano ta sani kafin zuwansa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499 kuma aka kafa Kasuwar Kurmi a lokacinsa, birnin nan ya shahara da aikin fata. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda aka fi sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa takalman da ake yi a nan ana kai su har arewacin Afirka. Takalmin da zai tsallake Sahara kuwa ɗinki ne ke riƙe shi. Baduku da basilla da zare ya dogara, haka gyartai, in ƙwarya ta fashe huda ta yake yi ya ɗinke. Gam ɗin da aka fi sani shi ne ƙaro, wanda ke tsatsowa daga jikin itatuwa irin su dakwara, kuma har gobe malamai da almajirai suna zuba shi a tawada domin rubutu ya kama allo ya yi sheƙi. Ka riƙe wannan siffa tasa, domin za ta yi mana amfani a gaba: ƙaro da ruwa ake jiƙa shi, sai ruwan ya bushe yake kamawa, in aka sake sa masa ruwa ya saki. Shi ya sa ake iya wanke allo.

Faso shi ma tsohon abokin zama ne. Fatar tafin ƙafa ta fi ta ko'ina kauri a jikin mutum, kuma ba ta da irin ƙofofin maiƙon da sauran fata ke da su. A watannin Janairu da Fabrairu laimar da ke cikin iskar Kano takan sauka ƙasa da kashi 20 cikin ɗari da rana. Fatar dunduniya sai ta bushe ta yi kaushi, ta daina miƙewa. Duk takun da mutum ya yi, nauyinsa na baje kitsen dunduniya gefe da gefe, busasshiyar fatar da ke kewaye da shi kuwa ba ta da yadda za ta yi sai ta tsage. Takalmi marar baya yana ƙara wa abin ƙarfi, haka yawan jiƙa ƙafa da barin ta ta bushe a iska. Shi ya sa 'yan garuwa da masu wanki da almajirai suka fi kowa shan wahalarsa, masu rini a Ƙofar Mata da majema kuma yakan kama su a yatsun hannu saboda toka da sauran abubuwan da suke dama hannu a ciki. Iyayenmu mata sun san maganinsa: a jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi, a goge da dutsen kaushi, a shafa man kaɗanya ko man shanu. Daga baya basilin ya shigo, wanda wani Ba'amurke mai suna Robert Chesebrough ya yi wa rajista a 1872. Na kuma ji dattawa suna ba da labarin manoma da fatake da kan ɗinke faso mai zurfi da allura da zare don su iya ci gaba da tafiya. Wato tunanin a haɗa bakin tsagar a rufe ta ba sufa gulu ne ya kawo shi ba, ya tarar da shi ne.

Shi kuwa gam ɗin, yaƙi ne ya haife shi. A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wasu masana kimiyya a Amurka, cikinsu har da wani matashi mai suna Harry Coover, suna neman roba mai haske kamar gilashi da za a yi madubin saitin bindiga da ita. Cikin sinadaran da suka gwada akwai wani dangi da ake kira sayano-akrilet. Bai yi musu amfani ba, domin duk abin da ya taɓa sai ya manne masa, suka ajiye shi gefe a matsayin abin da ya ɓata musu aiki. Shekara tara bayan haka, a 1951, Coover yana aiki da kamfanin Eastman Kodak a garin Kingsport na jihar Tennessee, ana neman robar da za ta jure zafi domin rufin mazaunin matuƙin jirgin yaƙi. Wani abokin aikinsa, Fred Joyner, ya shafa ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai tsakanin gilasai biyu na wata na'ura mai tsada da ake auna karkatar haske da ita. Da ya gama awo ya zo raba su, suka ƙi rabuwa. Na'ura ta lalace, amma a wannan karon Coover ya gane abin da ke hannunsu. A 1958 aka fitar da shi kasuwa da sunan Eastman 910, kuma ba da jimawa ba Coover ya bayyana a wani shirin talabijin, aka ɗiga gam ɗin tsakanin ƙarafa biyu, aka ɗaga mai gabatar da shirin sama da su. Ya yi tsawon rai har Shugaba Barack Obama ya ba shi lambar yabo ta ƙasa kan fasaha a 2010, ya rasu a 2011 yana da shekara 94.

A nan ne siffar ƙaro da na ce ka riƙe za ta yi aiki. Mutane suna cewa sufa gulu "ya bushe", alhali ba bushewa yake yi ba. A cikin bututu ƙananan ƙwayoyi ne rarrabe, an sa musu ɗan sinadari mai tsami da ke hana su haɗuwa. Da zarar sun taɓa danshi, ko da ɗan raɓar da ido ba ya gani a jikin ƙarfe ko katako, sai su shiga kama juna ɗaya bayan ɗaya, su zama doguwar sarƙa ta roba mai tauri cikin daƙiƙoƙi. Ƙaro yana jiran ruwa ya fita, sufa gulu kuwa ruwan yake jira. Wannan ne ya sa ya fi saurin kama yatsunka a kan kofin da kake son gyarawa, domin fata kullum da laima a jikinta. Shi ne kuma ya sa bututun da aka buɗe ba ya daɗewa da damina, ka zo ɗauka ka tarar ya zama dutse.

Da hunturu abin yakan juya. Iska ta bushe, gam ya yi nawa, mai aiki kuwa yana da mutane a tsaye suna jira. Daga nan ne dabarun gaggauta shi suka fito, kuma in ka zauna kusa da shumeka a bakin titi ko mai gyaran roba a Ƙofar Ruwa za ka ga iri-iri. Wani hura masa iskar baki yake yi, tururin numfashi ya ba shi laimar da yake nema. Wani yakan barbaɗa yashi mai laushi ko garin katako don cike gurbi, wani toka, wani bekin soda irin ta masu kek. Waɗannan na ƙarshe sun fi ƙarfi, domin toka da soda da kanwa duk dangi guda ne a ilimin sinadarai, masu kashe tsami ne, kuma da sun kashe ɗan tsamin da ke tsare gam ɗin sai ya daskare nan take ya yi tauri har a iya goge shi da magagari. Akwai kuma na kamfani, wanda ke zuwa a gwangwanin feshi, galibi a haɗe da kwalbar gam, masu aikin katako da na kayan ɗaki suna amfani da shi. A cikinsa akwai sinadarin amin da aka narkar a cikin ruwa mai saurin tashi kuma mai kama wuta. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi sa wa, in ya shiga jiki da yawa, yana iya hana jini ɗaukar iskar numfashi yadda ya kamata, har leɓe ya yi shuɗi.

Ban ga laifin waɗannan dabaru a inda aka yi su dominsa ba. Yaron da a da yake haɗa motar kara da ƙaya yanzu yana ƙera jirgin sama da kwali da 'yar batir, kuma sufa gulu da soda suna ba shi abin da ƙaro ba zai taɓa ba shi ba. Haka 'yan mata da matan aure da ke koyon sana'ar jaka da takalmi da jera duwatsu a cikin gida. Abin da ba a faɗa musu shi ne zafi. Haɗuwar ƙwayoyin nan tana fitar da zafi, kuma gwargwadon saurinta gwargwadon zafin. Ɗigo ɗaya a kan faranti ba za ka ji komai ba. Amma in gam mai yawa ya zube a kan auduga, zaren audugar yana ba shi fili mai faɗi da laima a lokaci guda, sai ya ɗau zafi har ya yi hayaƙi. Mujallun likitanci sun sha kawo rahoton yara da suka ƙone har ƙasan fata, wasu har sai da aka yi musu dashen fata, saboda sufa gulu ko gam ɗin farce ya zube musu a wando ko kayan barci. Ka tuna atamfa da shadda da singileti, akasarinsu auduga ce. In haka ta faru kada a fizge tufar, domin za ta taho da fata. A yi ta kwarara ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na kimanin minti 20, a yanke tufar ta gefe da almakashi a bar inda ya manne, a tafi asibiti. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa, kuma ga mai sana'a ma haka ne, domin haɗin da aka gaggauta yakan fi saurin karyewa a kan wanda aka bari ya kama da kansa.

Shigar gam ɗin harkar lafiya ma ta hanyar yaƙi ta biyo. Tun da wuri Coover da abokansa suka lura cewa abin da ke manne yatsu zai iya manne rauni. A 1966, a yaƙin Biyetnam, likitocin sojan Amurka sun yi amfani da feshinsa a kan raunukan da jini ya ƙi tsayawa, domin soja ya kai ga ɗakin tiyata da rai. A filin daga wannan ciniki ne mai riba. Amma an gano cewa nau'in farko yana ƙona nama yana kumbura shi. Dalilin yana cikin ginin ƙwayar: kowace tana da 'yar jela ta kabon. Ta metil ɗaya gare ta, ta etil biyu, kuma waɗannan biyun su ne na kasuwa, musamman etil. Masu gajeriyar jela suna saurin ruɓewa a jikin nama mai laima, suna sakin fomaldihaid, wato sinadarin da ke cikin ruwan da ake adana gawa da shi. Sai masana suka tsawaita jelar. Butil mai kabon huɗu, wanda aka sani da sunan Histoacryl, ya shafe shekaru ana aiki da shi a Turai da Kanada. Oktil mai kabon takwas shi ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1998 da sunan Dermabond, shekara 40 cif bayan fitowar Eastman 910. Masu doguwar jela sun fi laushi, suna lanƙwasa tare da fata, zafinsu kaɗan ne, ruɓewarsu a hankali. An kuma haɗa su a tsabtace, babu ƙwayar cuta a ciki. Duk da haka likita ba ya zuba su cikin rauni. Yana wanke shi, ya haɗa bakinsa, ya shafa a sama kamar rufi, bayan kwana biyar zuwa goma ya ɓare da kansa. Ba a sa shi a cizon dabba, ko sukar ƙusa, ko raunin da ya riga ya yi ruwa.

To, ina matsayin faso? Gaskiya ba zan ce maka duk wanda ya ɗiga sufa gulu a dunduniya ya halaka ba, domin ka san mutanen da suka yi suka ji daɗi. Har a 1999 wata mujallar likitocin ƙafa ta Amurka ta buga ɗan taƙaitaccen rahoto a kan mutane ƙalilan da aka rufe musu faso da shi suka sami sauƙin zafi. Hikimar a fili take: tsagar da ke buɗewa a kowane taku, in aka riƙe bakinta, zafi zai ragu, naman ƙasa ya sami damar haɗuwa. Amma wannan a kan tsaga ce marar zurfi, mai tsabta, busasshiya, a ƙafar mutum mai lafiya, kuma a ƙarƙashin idon likita. Ƙafar da ta yini tana taka ƙurar lungunan Kurmi da bakin kwatar Jakara wata aba ce daban. Rufe irin wannan tsaga ba tare da an tsabtace ta ba kulle ƙwayoyin cuta ne a ɗaki mai ɗumi marar iska, kuma ƙwayar tetanus, mai sandarar da jiki ta ƙulle haƙora, irin wurin da take so ke nan. Wanda kuma ya ƙara da barbaɗa soda ko toka a kai, ko ya cusa auduga a tsagar sannan ya ɗiga gam, ya haɗa wa kansa ƙuna a kan rauni. Feshin gaggautawa kuwa ba shi da hurumi a jikin ɗan Adam ko kaɗan.

Baban da na fara da labarinsa, da muka kai shi ɗakin wankin ciwo ya cire takalmi, dunduniyarsa ta dama ta kumbura ta yi zafi, ga farin ɓawon gam a kai hawa-hawa. Da aka ɗaga ɓawon sai mugunya ta biyo. Ya ce shi bai ji ciwo ba, kuma gaskiya ya faɗa. Ciwon sukari in ya daɗe yana kashe jijiyoyin ji na ƙafa, yana kuma rage gudun jini zuwa can, sai rauni ya yi ta ci mutum bai sani ba. Akasarin ƙafafun masu sukari da ake yankewa daga ɗan ƙaramin gyambo irin wannan suke farawa. Shi Allah ya taimake shi, ya yi kwanaki a kwance ana wanki ana allura, ya fita da ƙafarsa. Saboda haka ga mai ciwon sukari, da wanda ya taɓa yin kuturta, da duk wanda ƙafarsa ke dindiris ko jini ba ya gudana sosai a cikinta, amsata ɗaya ce: kada ya kusanto da gam, na kasuwa ko na kemis, kuma kada ya sa reza ya yanke kaushi. Ya duba tafin ƙafarsa kullum, in bai iya sunkuyawa ba ɗansa ko matarsa su duba masa, tsaga kuma komai ƙanƙantarta a nuna wa ma'aikacin lafiya.

Ga sauran jama'a, hanyar iyayenmu har yanzu ita ce gaba, sai ɗan ƙarin da zamani ya kawo. Ka jiƙa ƙafa da ruwan ɗumi kamar minti goma, ka goge kaushin a hankali, ka tsane ta, ka shafa man kaɗanya ko basilin tun da sauran laima a jikinta, ka sa safa ka kwanta. In kaushin ya yi kauri, nemi man shafawa mai sinadarin yuriya kashi 10 zuwa 25 cikin ɗari, yana tausasa mataccen fata fiye da mai zalla, sai dai yana da raɗaɗi a buɗaɗɗiyar tsaga. Bayan alwala a tsane ƙafa a ɗan shafa mai, a kuma sa takalmi mai baya har hunturu ya wuce. Tsaga marar zurfi da ke damunka da zafi, akwai ruwan filasta da aka yi musamman domin fata, ana samunsa a manyan shagunan magani. Wadda ke jini, ko ta yi ja, ko take wari, ta asibiti ce. Na san wani zai tambayi hukuncin alwala a kan fatar da aka rufe da gam, tun da ruwa ba ya ratsa shi. Littattafan fiƙihu sun yi bayanin shafa a kan ɗauri, amma wannan fagen malamai ne, su za ka tambaya.

In gam ya manne maka yatsu, kada ka ja da ƙarfi. Tsoma su a ruwan ɗumi da sabulu, ka riƙa murza su gefe da gefe, ko ka shafa man gyaɗa ko basilin. Asiton, wato ruwan goge jan farce, yana narkar da shi, amma ba a kai shi kusa da ido ko baki ko rauni. Wanda ya shiga baki yakan daskare nan da nan, miyau ya ɓamɓare shi cikin kwana ɗaya ko biyu, sai dai ƙaramin yaro a kai shi a duba don kada ɓallin ya shaƙe shi.

Haɗarin da ya fi tayar mini da hankali a matsayina na mai ba da magani shi ne na ido. Wasu kwalaben sufa gulu da na gam ɗin farce girmansu da tsinin bakinsu ɗaya ne da na maganin ɗigawa a ido, wasu bututun kuma kamar na man ido suke. Likitocin ido a ƙasashe da dama, har da Nijeriya, sun sha ganin wanda ya lalubo kwalba cikin duhu, an ɗauke wuta, ya ɗiga wa kansa ko ɗansa. Galibi gam ɗin yana daskarewa ne a gashin ido da bakin fatar ido kafin ya shiga ciki, kuma idon yakan tsira in ba a yi masa garaje ba. Ɓarnar tana zuwa ne wajen ƙoƙarin ɓare shi da yatsa ko reza, ko zuba masa kananzir. A wanke da ruwa mai tsabta mai ɗan ɗumi na tsawon mintuna, a rufe da ƙyalle mai laima ba tare da dannawa ba, a nufi sashen ido na Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano ko asibitin ido na ECWA, a tafi da kwalbar a hannu domin likita ya ga irin abin da ya shiga. A gida kuwa, maganin ido ya zauna tare da magunguna, sufa gulu ya koma akwatin guduma da ƙusa, a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.